Yaran Layinmu da Aka Kora Ranar Uku

Cikin kwanakin zaman makokin ɗana, magana ɗaya na fi ji daga bakin dangin mahaifinsa. Kowace ta shigo sai ta zauna ta ce, "Allah sarki, yaro shiru-shiru, daga gida sai masallaci, daga masallaci sai shago." Ta shafa addu'a, ta waiga ta ga inda ake zuba abinci. Na riƙa cewa "Allah ya ba da lada," domin haka ake cewa. Amma wanda suke siffantawa ban san shi ba. Sadiƙ yana sallah, wannan gaskiya ne. Shiru kuwa ko a barci bai iya shi ba. Yana ƙarami yakan yi faɗa da abokansa cikin mafarki, rabi da Hausa rabi da Ibo, har sai mahaifinsa ya ƙwanƙwasa bango.

Sunana Binta. Kimiyyar sinadarai na karanta a jami'a, na koyar da ita a sakandare har na yi ritaya. Aikin ya bar mini hali guda: ba na son a faɗi abu fiye da yadda yake, ba na kuma son a rage shi. Saboda haka zan faɗi wane ne Sadiƙ, in kuma faɗi abin da aka yi a ƙofar gidana ranar addu'ar uku, ina ciki ban sani ba.

Shi ne ɗana na fari. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yaba shi. Digiri bai cire mini wannan ba, ban kuma nemi ya cire ba. "Kai" nake ce masa, in ina maganarsa da wani in ce "mutumin nan". A rubuce kaɗai sunan yake fita. Al'adar ba zalunci ba ce, domin a babban gida akwai kaka da goggo da za su ɗauke yaron su sangarta shi. Mu kuwa a kwatas ɗin Barnawa muke, ni da marigayi Malam Tanimu, ɗaki biyu da falo, babu kaka babu goggo. Maƙwabciya muke da ita.

Uzoamaka sunanta, matar Okechukwu mai sayar da kayan gyaran mota a Kakuri. Katanga ɗaya ta raba mu, katangar ma ba ta kai ƙirjin mutum ba. Ta riga ni haihuwa da 'yan watanni, ta sa wa ɗanta Ikenna. Ranar da ta fara ganin na kwantar da jariri a tabarma na ci gaba da tsintar shinkafa saboda baƙi sun shigo, sai ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malama, wannan yaron naki ne, ko a hanya kika tsince shi?"

Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To ke ki ci gaba da kunyarki. Miƙo mini shi."

Ta saman katanga na miƙa mata shi. Daga ranar, in na tafi makaranta ita ke yi masa wanka tare da Ikenna a baho ɗaya. Ita ta fara ganin haƙorinsa. A tsakar gidanta ya fara tafiya, ni kuwa labari aka ba ni da na dawo.

Layinmu a lokacin ma'aikatan gwamnati ne da na masaƙa da 'yan kasuwa. Jiniyar masaƙun Kakuri ce ke tashin kowa da safe. Yaran layin garke guda suke: Sadiƙ da Ikenna, da Chinonso ƙanin Ikenna mai binsu a baya yana kuka a jira shi, da Elisha ɗan wani ma'aikacin masaƙa mutumin Filato, da Patience wadda ubanta ɗan sanda ne daga Binuwai. Suna ƙulla ƙwallo da tsummoki da leda. Suna gara tsohuwar taya tun daga layinmu har bakin kasuwa. Babu mangwaron da ya taɓa nuna a bishiya a unguwar nan, sun riga shi. Sadiƙ ne mai ƙera musu mota da gwangwanin madara da waya, har da fitila daga batirin tocila. Yana aji uku ya kwance rediyon mahaifinsa ya mayar. Wasu sukurori suka yi saura a tabarma, rediyon kuma ya ci gaba da magana, Malam Tanimu ya rasa ko duka zai yi ko dariya.

Ni dai ina duka. In na ɗauko tsumagiya sai ya haye katanga ya faɗa bayan zanen Uzoamaka, ita kuma ta leƙo ta ce, "Malama, kotu ta tashi, sai gobe."

Da azumi Ikenna ne ke gaba a tashe, an manna masa gemun auduga, yana rangaji da sanda kamar tsoho, Hausarsa ta fi ta Sadiƙ daɗi. Da Kirsimeti Okechukwu yakan jawo akuyarsa har ƙofarmu.

"Malam, fito da wuƙarka. In na yanka da kaina ɗanka zai zauna yana kallon bakina, ni kuma ba zan iya haɗiya ba."

Malam Tanimu ya yanka, kowa ya ci. Da layya kuma Sadiƙ da Ikenna ake aika da faranti gida-gida, kuma ba a taɓa samun farantin da ya isa yadda ya fita ba.

Firamaren gwamnati suka yi, ta bayan kasuwa. Malamar ajinsu ta farko, Malama Abigail, ta zaunar da shi benci ɗaya da Patience, wai yarinya ce mai natsuwa, ko zai koya. Kafin ƙarshen zango Patience ta koyi surutu. Haka suka zauna tare har aji shida, babu malamin da ya iya raba su. In an tashi tara, kuɗin ƙosansa da na rogonta a hannu ɗaya suke. Abin da ya faru a makarantar nan kaɗan ne ya iso kunnena. Ni uwa ce mai kunya kuma malama mai tsumagiya, wa zai kawo mini labari?

Sai shekarar 2000 ta zo da rikicinta. Ba zan maimaita abin da kowane ɗan Kaduna ya sani ba. Kogi ya zama iyaka, mutane suka kwashe kaya, waɗannan suka haye arewa, waɗancan suka gangaro kudu. Yayan mijina, Alhaji Abdulmalik, yana da babban shagon kayan masarufi a unguwar Television. An ƙone shi ƙurmus, ya tsira da rigar jikinsa, ya koma Tudun Wada ya sake farawa daga tebur. Ina faɗin wannan don kada a ce na ɓoye dalilinsa. Yana da dalili. Ya matsa wa ƙaninsa mu ma mu taso, Malam Tanimu ya ƙi. Muka zauna. Daga lokacin har rasuwar mijina, zuwan Alhaji gidanmu bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Sanin da ya yi wa Sadiƙ shi ne yaron da ake kawowa ranar sallah, ya durƙusa ya gaishe shi, ya sunkuyar da kai har a tashi. Daga nan "shiru-shiru" ta samo asali.

Yaran suka girma. Masaƙu suka rufe. Okechukwu ya rasu, Uzoamaka ta koma Mahuta wurin Ikenna. Sadiƙ ya yi difloma a fannin lantarki, aikin ofis bai samu ba, bai kuma neme shi da gaske ba. Suka buɗe shagon gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki a Kakuri shi da Elisha. Ba waliyyi ba ne. Yakan ce wa mai kaya "gobe" alhali ya san jibi ma da wuya. Yakan yi musun ƙwallo har jijiyar wuyansa ta tashi. Maganar aure kuwa, duk lokacin da na aika masa ta bakin ƙanwarsa sai ya ce a gaya wa Mama firij ɗin bai gama sanyi ba. Yakan shigo da yamma hannu duk baƙin mai, ya wuce ni a falo ya buɗe tukunya, ya ce miyar jiya ta fi.

Shekaru kaɗan da suka wuce Chinonso ya rasu, ciwon ƙoda. Aka kai shi ƙauyensu a gabas. Yaran layin suka buga fararen riguna masu hoton fuskarsa, kamar yadda suke yi in nasu ya mutu. Sadiƙ ya sa tasa, ya shiga bas ya bi su, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Da ya dawo na ce, "Kai, ka san za a yi magana." Ya ce, "Mama, ƙanina ne. A yi."

Ranar wata Alhamis da hantsi Sadiƙ ya ɗauko injin firij a bayan babur zai kai wa wani. Birkin wata tifa ya ƙwace a hanyar Kakuri, ta banke shi. Ikenna, da shagonsa ke kusa, shi ya ɗauke shi ya kai asibiti, a hannunsa ya cika. Ya kira ni, ni kuma na kira Alhaji, domin haka ya dace. Alhaji ya zo da 'ya'yansa da mota, ya ɗauki gawar daga asibiti kai tsaye zuwa Tudun Wada. Aka aiko aka ɗauke ni, na ga fuskarsa, aka yi wanka, aka yi sallah bayan azahar, aka kai shi. Gaggauta jana'iza koyarwar addinina ce, ban yi jayayya da ita ba, ba na kuma yi yanzu. Amma babu wanda ya waiwayi Ikenna. Ya koma gida ya cire rigar da ta ɓaci da jini, ya tara sauran yaran layin, suka zo suka tsaya a ƙofar gidana a Barnawa cikin rana, suna jiran a kawo gawa. Wayata tana jakar wata. Kafin labari ya same su an riga an dawo daga maƙabarta.

Kwanakin farko a gidan Alhaji na yi su. Na dage a yi addu'ar uku a Barnawa, inda aka haife shi. Aka kafa rumfa a waje, maza suka zauna can, mu mata muna ciki. Duk wanda ya ɗaga labule sai in duba ko Uzoamaka ce. Na ji hayaniya ta ɗan tashi a waje ta kwanta, na ɗauka rabon abinci ne. Har aka watse ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Na kwana da wannan a raina, ina cewa ashe haka duniya take.

Washegari Charity, wadda ke zaune a tsohon gidan Uzoamaka yanzu, ta shigo ta zauna tana murza hannu.

"Mama, ba wanda ya gaya miki?"

Ashe yaran layin sun zo, in ji ta. Kusan su ashirin, 'yan ajinsu da 'yan layin, wasu daga Abuja, wani daga Jos. Duk suna sanye da fararen riguna masu hoton Sadiƙ yana dariya baki buɗe, sifana a hannu. Patience ce ta zaɓi hoton, ita ta buga rigunan da hannunta a shagonta na buga takardu a Television. Uzoamaka tana gaba da sandarta, ta ɗora rigar a kan zane. Alhaji ya miƙe ya tare hanya. Charity ta ce bai ɗaga murya ba. Ya ce nan ba coci ba ne, mamacin Musulmi ba ya buƙatar talla, su koma. Ikenna ya fara cewa, "Baba, mu 'yan'uwansa ne," sai ɗaya daga cikin 'ya'yan Alhaji ya ce, "'Yan'uwan wa? Arna kawai." Ya dubi Patience ya ce ta je ta rufe jikinta kafin ta zo gidan mutane. Alhaji bai faɗi kalmar da bakinsa ba. Bai kuma tsawata wa wanda ya faɗa ba. Wani dattijo ya ce a bar tsohuwar ta shiga wajen mata. Uzoamaka ta ce tare suka zo, tare za su koma. Suka juya.

Ni ma da an tambaye ni, da na ce kada a buga hoton. Ba al'adata ba ce. Amma da bakin da ake korar mutum, da shi ake ce masa, "Ku shigo ta nan, ga tabarma, in kun zauna ma yi magana." Matar da ta yi wa yaron nan wanka tun bai san kansa ba ta taso daga Mahuta da gwiwoyin da ba sa lanƙwasuwa, aka mayar da ita daga ƙofar da ta fi kowa a rumfar nan sanin hanyarta.

Ba ladabi kaɗai ke damuna ba. Rabin rayuwar ɗana a wurin mutanen nan take. Dangi sun ba ni yaron da suka ƙirƙira, mai sunkuyar da kai. Na gaske, mai hawan mangwaro, yana bakin Uzoamaka da Ikenna da Elisha da Patience. In suka tafi da fushi, sun tafi da shi, ni kuma a bar ni da "daga gida sai masallaci" har in mutu.

Da la'asar Alhaji ya shigo gaishe ni. Na jira aka gama gaisuwa.

"Yaya Alhaji, an ce wasu baƙi sun zo jiya."

"Baƙi da yawa sun zo, Binta."

"Waɗanda aka mayar nake nufi."

Ya gyara babbar rigarsa. "Na kare mutuncin ɗan ƙanina ne. Kina so a ce an yi gangami da hoto a kan gawar Musulmi?"

"Gawar tana Tudun Wada, Yaya. Nan gidana ne."

"Gidan Tanimu ne."

"To Tanimun ne ya yi shekaru yana yanka musu akuya."

Ya ce, "Ke ba a ƙona miki komai ba."

"Gaskiya ne. Waɗanda suka zo jiya kuma suna firamare lokacin da aka ƙona maka." Na ce masa zan gayyace su ranar bakwai. Ya ce in suka zauna a tabarmar nan, shi da iyalinsa za su tashi. Na ce Allah ya kai mu.

Da safe na tari keke napep zuwa Mahuta. Na tarar da Uzoamaka a baranda ta miƙe ƙafa a kan kujera. Ta gan ni, ba ta yi yunƙurin tashi ba.

"Malama. Kin zo ki ƙarasa korar ne?"

"Ban sani ba sai jiya, Maman Ikenna."

"Na san ba ki sani ba. Da na zaci kin sani, da ba ki sami wurin zama a nan ba. Zauna."

Na zauna. Muka yi kuka, kowa da irin nata, nata da murya, nawa babu. Da ta share fuska ta ce, "Lokacin da na binne Chinonso, ɗanki ne ya riƙe akwatin ta wajen kai. Mutanen ƙauyenmu suka ce wane ne wannan Bahaushen, na ce ɗana ne na biyu. Ba wanda ya ce ya cire hularsa. Ni kuma na zo wurin nasa, wani yaro da bai kai in aike shi ba ya kira ni arniya."

"Ki zo ranar bakwai."

"Don a sake?"

"Don ni. Akwai abin da kika sani wanda ban sani ba, kuma babu inda zan samo shi."

Ta daɗe tana kallona. "Ke da kunyarki. Yaro ya mutu, har yanzu ba za ki iya kiran sunansa ba." Ta ja tsaki. "Zan zo. Amma da rigar zan zo. Yaran su yi abin da suka ga dama, ni dai ba zan cire ɗana daga ƙirjina don wani mai babbar riga ba."

Na ce ta zo da ita.

Ikenna ya fito daga ciki, ashe yana jinmu. Ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Mama, ni ko ƙasa ban zuba masa ba. Ban san ma inda aka sa shi ba." Ni ma ban sani ba, mata ba sa zuwa maƙabarta. Na ce ya gaya wa sauran su zo ranar bakwai.

Ranar bakwai ban zauna a ɗaki ba. Na sa mayafi na ɗauki kujera na ajiye a bakin ƙofa, inda nake ganin rumfa. Wasu mata suka yi ta ƙus-ƙus, na bar su. Ana tsakiyar addu'a keke biyu suka tsaya. Ikenna da Elisha da wasu 'yan kaɗan suka sauko, cikin kayansu na yau da kullum. Uzoamaka ce ta ƙarshe, da sanda, da farar riga, Sadiƙ yana dariya a ƙirjinta. Ta ratsa gefen rumfar a hankali, domin ba ta iya sauri. Limamin unguwarmu, wanda ya san ta tun tana soya ƙosai a bakin layi, ya ɗaga mata hannu bai katse addu'a ba. Elisha ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma.

Alhaji ya jira aka shafa. Wannan na ba shi, bai tashi ana ambaton Allah ba. Sannan ya miƙe, 'ya'yansa suka miƙe, aka aika ciki a kira matansa. Ya tsaya a gabana.

"Kin zaɓa, Binta."

"Allah ya kiyaye hanya, Yaya Alhaji. A gaida gida."

Motoci uku suka tashi. Rumfar ta yi rabi.

Da mutane suka ragu na shigar da su falo. Da farko kowa ya zauna yana kallon faranti. Uzoamaka ce ta buga sandarta a ƙasa.

"Ku kuma fa? Matar nan ta kori dangi saboda ku, kun zo kuna kallon shinkafa. Elisha, gaya mata maganar ƙararrawa."

"Haba Mama, a gidan rasuwa?"

"Gaya mata, ɗan banza, ai ba za ta iya dukansa ba yanzu."

Elisha ya share gumi. Ya ce a makarantarsu ƙararrawar wani tsohon ƙarfen tayar mota ce, an rataye a bishiyar dalbejiya. Suna aji biyar, ranar da za a yi gwajin lissafi bayan tara, Sadiƙ ya ce in babu ƙararrawa babu ƙarshen tara. Ya zo da filaya daga gida, ya kwance wayar, suka gara ƙarfen kamar taya har bayan bayi suka rufe da ciyawa. Mai buga ƙararrawa ya zo da sandarsa ya tarar da bishiya kawai. Malamai suna ofis suna hira, ba wanda ya duba agogo, yara suka yi ta wasa har rana ta take.

"Aka kama wa?" na tambaya.

"Ni, Mama. Tsatsa ce a wandona. Hedimasta ya zane ni a gaban asambuli, ya ce in faɗi wanda muka yi tare. Shi kuma mutumin yana layin gaba yana girgiza kai, wai yana mamakin lalacewar yaran zamani."

Ikenna ya fashe da dariya har ya ƙware. "Ya biya ka ai. Wata guda kana cin ƙosansa."

"Ƙosan Patience dai. Nasa ya cinye tun a hanya."

Na yi dariya, a gidan da aka yi kwanaki ba a yi ba, kuma ina dariyar raina yana tafasa. Filayar nan na tuna ta. Malam Tanimu ya neme ta ya gaji, ya zargi mai gyaran famfo. Suka ci gaba, wannan ya karɓa daga bakin wancan, har aka kira magariba. Na ji yadda ya koya wa Chinonso keke a gangaren bayan kasuwa suka ƙare a cikin kwata. Na ji ashe shi ke rubuta wa rabin ajin wasiƙar neman uzuri da irin rubutun iyaye. Ban katse kowa ba.

Patience ba ta zo ba. Ta aiko Ikenna ya ce mini tana gaishe ni, amma ba za ta ƙara taka ƙofar nan ba. Ita ce ta zauna benci ɗaya da Sadiƙ tun daga aji ɗaya, kuma duk labarin da aka fara a falon nan, sai wani ya ce, "Patience ce ta san ƙarshensa."

Alhaji bai kira ni ba tun ranar, matansa ma haka. Wannan zan iya ɗauka. Na je shagon Patience a Television, na sake komawa. Takan tashi ta ba ni kujerarta, ta aika a sayo mini ruwa mai sanyi, ta tambayi ƙafata da hawan jinina. In na kawo maganar Sadiƙ sai ta juya ga injinta ta ce, "Mama, bari in gama wa mutumin nan aikinsa." In zauna ina kallon bayanta har in gaji in tashi.

An ce mini in yi haƙuri, in yafe, wai shi mamaci ba ya son a riƙe mutane a zuci saboda shi. Direban tifar na yafe masa, birki ne ya ƙwace. Wanda ya tsaya a ƙofata da hankalinsa da carbinsa ya rufe bakin yarinyar nan, shi ban yafe masa ba tukuna.